Ƙasa Mai Sa'a: Ra'ayoyin Donald Horne da Yadda Mutanensa Suka Karanta Su

A cikin darussan da malamin harshe yake shan wahalar koyarwa, ban san wanda ya kai gatse ba. Yaro ya fasa tulu, uwarsa ta dube shi ta ce, "Ka kyauta." Babu ɗan Bahaushen da zai ji wannan ya ɗauka yabo ne, domin ga fasasshen tulu a ƙasa, ga fuskar uwa a murtuke, ga kuma yadda ta ja muryarta. To amma a ɗauki kalmomin nan biyu a rubuta su a kan allo, babu tulu, babu fuska, babu murya, nan take sai su koma yabo tsantsa. Abin da masana ilimin ma'ana suke nufi ke nan idan suka ce rabin ma'anar zance yana cikin muhallin da aka furta shi. Misali mafi girma da na sani na gatsen da aka raba da muhallinsa ya auku ne a ƙasar Ostareliya, inda al'umma guda ta ɗauki baƙar maganar da wani ɗanta ya yaɓa mata, ta mayar da ita kirari.

Sunan mutumin Donald Horne. An haife shi a 1921, ya rasu a 2005. Ya tashi a wani ƙaramin gari mai suna Muswellbrook, inda mahaifinsa yake malamin makaranta. Ya shiga Jami'ar Sidni, amma Yaƙin Duniya na Biyu ya katse masa karatu, aka ɗauke shi soja, bai kuma koma ya kammala digirin ba. Ya yi aikin jarida shekaru masu yawa, ya zauna a Ingila na ɗan lokaci, ya dawo gida a 1954, ya riƙe editancin mujallu, daga ƙarshe ya zama farfesan kimiyyar siyasa a Jami'ar New South Wales ba tare da digiri na farko ba. Wannan kaɗai ya isa ya sa irinmu da muka ɓata ƙuruciya wajen tara takardun shaida mu yi ɗan shiru.

A 1964 ya fitar da littafin da ya sa aka san shi, mai suna The Lucky Country, wato ƙasa mai sa'a. Abin da yake nufi ya fito fili a babin ƙarshe. A ganinsa, wadatar da Ostareliya take ciki ba hazaƙar shugabanninta ce ta kawo ta ba. Sa'a ce ta faɗo mata, su kuwa masu jan ragamar, a siyasa da kasuwanci da ilimi, mutane ne masu matsakaicin tunani da suke ci daga sa'ar tare da kowa, suna rayuwa a kan dabarun da wasu ƙasashe suka ƙirƙiro, ba su kuma damu da sanin abin da duniya take ciki ba sai ya zo ya same su a ƙofar gida. Littafin ya yi kasuwa ƙwarai. Sai dai kuma sunan ya fi littafin yawo. 'Yan siyasa da masu talla suka ɗauke shi suna ta alfahari da shi, har Horne ya tsufa yana ƙorafin cewa an juya masa magana. Mutane da yawa sun haddace bangon littafin, kaɗan ne suka kai babin ƙarshe.

Ina ganin ya dace ɗalibin da yake shirin zama malami ya san ra'ayoyin wannan mutum, domin su ne irin abin da muke kira rubutun ra'ayi a aji: mutum ɗaya ya dubi siyasar ƙasarsa da aikinta da dukiyarta da tafiye-tafiyen mutanenta da fasaharta, ya faɗi abin da ya gani da sunansa. Shekaru sittin da suka shuɗe sun ba mu damar auna inda ya dace da inda ya kauce.

Mu fara da kuɗi, tun da nan ne sa'ar take. Ostareliya ƙasa ce mai faɗin kusan murabba'in kilomita miliyan 7.7, wato ta ninka Nijeriya sau takwas, amma a lokacin da Horne yake rubutu mutanenta ba su wuce miliyan 11 da 'yan kai ba. Tun ƙarni na 19 gashin tumaki ne ya riƙe ta, ana kai shi masaƙun Ingila. A 1851 aka gano zinariya, jama'a suka yi ta kwarara daga ko'ina. A 1950 zuwa 1951 yaƙin Koriya ya sa farashin gashin tumaki ya yi tashin gwauron zabo, makiyaya suka kwana da talauci suka tashi da arziki. A 1960 gwamnati ta ɗage haramcin da ta sanya tun 1938 a kan fitar da ma'adinin ƙarfe, sai ga duwatsun yankin Pilbara sun zama taska, Japan tana saye, daga baya Sin ta karɓi kasuwar. A duk wannan jerin babu abin da wani minista ya zauna ya ƙirƙiro. Allah ne ya ajiye, wasu can nesa suka buƙata. Horne ya yi gargaɗin cewa ƙasar da take haƙo abu daga ƙasa ta sayar ɗanye, ta sayo ƙerarre, ranar da sa'ar ta juya baya za ta rasa tudun dafawa.

Mai karatu ɗan Nijeriya ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a nan. An gano man fetur a Oloibiri a 1956, aka fara fitar da shi a 1958, kuɗinsa suka yi ambaliya a shekarun 1970, aka yi ƙarin albashin Udoji, dalar gyada ta Kano ta ɓace, daga baya masaƙun Kaduna suka rufe ɗaya bayan ɗaya. Da wani marubucinmu ya rubuta littafi a 1975 ya kira Nijeriya ƙasa mai sa'a da irin manufar Horne, da yau muna cewa ya yi hangen nesa. Hausawa suna cewa sa'a ta fi sammako, amma ba su ce ta fi tanadi ba.

Sai dai a nan ne zan fara rabuwa da Horne. Bala'in da ya hango bai sauka yadda ya zata ba. Daga 1991 har zuwa 2020, lokacin annobar korona, tattalin arzikin Ostareliya bai taɓa shiga karayar da masana suke kira koma-baya ba, kusan shekaru talatin ke nan a jere. Ana iya cewa sa'ar ce ta ƙara tsawo, tun da Sin ta buɗe baki tana haɗiyar ƙarfe da kwal. Gaskiya ne. Amma ƙasashe nawa ne suka sami irin wannan sa'ar ta zame musu masifa? Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce, me ya sa dukiyar ta zauna a can, ta kuma isa ga talaka? Amsar, a nawa ganin, tana cikin wasu tsare-tsare da mutanen ƙasar suka kafa tun kafin a haifi Horne, waɗanda ya saba da su har bai ba su nauyin da ya kamace su ba, kamar yadda kifi ba ya ganin ruwa.

Dubi sha'anin aiki. Horne ya siffanta mutanensa da cewa ba su ɗauki aiki a matsayin abin bauta ba. Burin mutum shi ne ya mallaki ɗan gidansa a unguwannin gefen birni, ya tashi daga aiki da wuri, ya tafi bakin teku ko filin wasa a ƙarshen mako, kuma ba ya jin wani ya fi shi don ya fi shi muƙami. Bai raina wannan hali ba, hasali ma ya yaba wa talakawan ƙasar fiye da manyanta. Abin da nake so ɗalibi ya lura da shi shi ne, hutun nan ƙwato shi aka yi. A ranar 21 ga Afrilu 1856 magina masu sassaƙa dutse a birnin Melbon suka ajiye kayan aiki, suka yi tattaki daga harabar jami'ar da suke ginawa zuwa majalisa, suna neman a mayar da aikin yini awa takwas ba tare da rage lada ba, suka kuma samu. A wancan zamani leburan Ingila yana yin awa goma ko fiye. A 1907 wani alƙali mai suna Henry Higgins ya yanke hukuncin cewa mafi ƙarancin ladan lebura shi ne sule 7 a yini, ya kuma gina lissafinsa a kan abin da zai ishi magidanci da matarsa da 'ya'ya uku su rayu cikin mutunci. Wato ya fara da tambayar abin da iyali suke buƙata kafin tambayar abin da mai masana'anta yake son biya. A 1992 aka wajabta wa kowane mai ɗaukar ma'aikata ya riƙa zuba wani kaso a asusun fanshon ma'aikacinsa. An fara da kashi 3 cikin 100, ya kai kashi 12 a watan Yuli 2025. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da aka tono daga ƙarƙashin ƙasa. Ƙungiyoyin ƙwadago da kotuna da majalisu ne suka yi su, bayan jayayya mai tsawo.

Haka abin yake a siyasa, kodayake a nan labarin ya fi sarƙaƙiya. Horne ya fara rayuwarsa yana mai ra'ayin riƙau, mai ƙaunar Ingila da duk abin da ya fito daga cikinta. Lokacin da ya rubuta littafinsa, Robert Menzies yana kan kujerar Firayim Minista tun 1949, mutumin da bai taɓa ɓoye biyayyarsa ga gidan sarautar Ingila ba. Horne ya wayi gari yana ganin cewa ƙasar da shugabanta na ƙoli yake zaune a Landan ba za ta taɓa koyon tunani da kanta ba, don haka ya nemi a mayar da ita jamhuriya. Abin da ya faru ranar 11 ga Nuwamba 1975 ya ƙara masa ƙaimi. A ranar ne Gwamna-Janar John Kerr, wakilin Sarauniya wanda babu wanda ya zaɓe shi, ya sauke zaɓaɓɓen Firayim Minista Gough Whitlam bayan majalisar dattawa ta riƙe kasafin kuɗi. Horne ya fusata, ya rubuta wani littafin a 1976 yana shelar mutuwar ƙasar mai sa'a, ya kuma kasance cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar neman jamhuriya a 1991. Da aka yi ƙuri'ar raba gardama a 1999, kusan kashi 55 cikin 100 suka ce a bar sarauta yadda take, kuma babu jiha ko ɗaya cikin shida da ta goyi bayan sauyin.

Mu da muka zama jamhuriya tun ranar 1 ga Oktoba 1963, muka kuma ga juyin mulki a Janairun 1966, muna da abin faɗa a kan wannan. Sauya sunan kujera ba ya sauya halin mai zama a kanta. Na yarda da Horne cewa akwai ƙasƙanci a ce ƙasa mai cin gashin kanta tana aron sarki, amma ban yarda cewa nan ne ciwon yake ba. Abin da ya riƙe siyasar Ostareliya shi ne yadda ake zaɓe. A 1856 wasu yankunanta suka fara jefa ƙuri'a a asirce a kan takardar da hukuma ta buga, tsarin da ya bazu a duniya har Amurkawa suka riƙa kiran sa da sunan Ostareliya. A 1924 aka wajabta zaɓe a kan duk mai rajistar zaɓe. A zaɓen 1922 waɗanda suka fita ba su kai kashi 60 cikin 100 ba. A na 1925 sun haura kashi 90. Tarar wanda ya ƙi fita ba tare da uzuri ba dala 20 ce, ana kuma yin zaɓen ranar Asabar don kada aiki ya hana kowa. Amfanin wannan a bayyane yake: ɗan siyasar da ya san kowa zai fito ba ya ɓata ƙarfinsa wajen hana magoya bayan abokin hamayya zuwa rumfa, tilas ya nemi yardar matsakaitan mutane. A zaɓen shugaban ƙasa na Nijeriya na 2023 waɗanda suka fita ba su kai kashi 30 cikin 100 na masu rajista ba. A 2025 an gabatar da ƙudirin wajabta zaɓe a Majalisar Wakilai, aka janye shi bayan ya sha suka, kuma ina ganin masu sukar suna da hujja, domin ba a cin mutum tara a kan ƙin zuwa rumfar da bai amince za a ƙirga ƙuri'arsa ba. Su can sun fara gyara akwatin kafin su tilasta wa mutane zuwa gare shi.

Akwai kuma tambayar da ya wajaba a yi duk lokacin da aka ce ƙasa ta yi sa'a: sa'ar wa? Lokacin da jiragen Ingila suka iso a 1788, sun tarar da mutanen da suka shafe fiye da shekara 50,000 a wurin, suna magana da harsuna kusan 250. Yau waɗanda yara suke tashi da su a matsayin harshen uwa ba su kai 20 ba. Ga mai nazarin harshe wannan asara ce da babu ma'adinin da zai biya ta, domin kowane harshe da ya mutu ya tafi da sunayen tsirrai da taurari da dangantaka da babu mai sake tattaro su. 'Yan asalin ƙasar ba su sami cikakken 'yancin zaɓen tarayya ba sai 1962. Sai a 1967 aka gyara tsarin mulki don a riƙa lissafa su cikin ƙidayar jama'a, da goyon bayan fiye da kashi 90 cikin 100. Sai a 1992, a shari'ar Mabo, kotun ƙoli ta rushe da'awar cewa ƙasar ba ta da masu ita kafin zuwan Turawa. A 2008 Firayim Minista Kevin Rudd ya nemi gafara a gaban majalisa saboda 'ya'yan da aka riƙa ƙwacewa daga iyayensu. A 2023 kuwa, da aka nemi a kafa musu majalisar ba da shawara a cikin tsarin mulki, kusan kashi 60 cikin 100 suka ƙi.

Ba 'yan asali kaɗai aka rufe wa ƙofa ba. Dokar shige da fice ta 1901 ta ƙirƙiro wata dabara da ya kamata kowane malamin harshe ya sani, don ya ga yadda ake mayar da darasin aji makami. Jami'i yana da ikon yi wa baƙo shifta ta kalmomi 50 a cikin duk harshen Turai da ya ga dama. Idan ba a son mutum, sai a zaɓi harshen da aka tabbata bai sani ba, ya faɗi, a mayar da shi jirgi, ba tare da an ambaci launin fatarsa ba. A 1934 aka so a hana wani ɗan jarida daga Cekoslobakiya mai suna Egon Kisch shiga saboda ra'ayinsa na siyasa. Da yake ya iya harsunan Turai da dama, sai aka yi masa shiftar da harshen Gelik na tsaunukan Sikotilan. Magana ta kai kotun ƙoli, ta kuma soke jarrabawar. Ba a daina shiftar ba sai 1958, manufar fifita farar fata kuwa sai a 1973 aka binne ta. A wannan fage Horne ya yi abin a yaba. Da ya karɓi editancin tsohuwar mujallar nan The Bulletin a farkon shekarun 1960, ya tarar da taken da yake cewa ƙasar ta farar fata ce a saman shafinta na farko, inda ya shekara da shekaru, ya sa aka cire shi. Yau fiye da kashi 30 cikin 100 na mazauna Ostareliya a wata ƙasa aka haife su.

Batun tafiya ba zan daɗe a kansa ba. A zamanin ƙuruciyar Horne, ɗan Ostareliya mai ilimi ba ya jin ya cika sai ya je Landan, wasu ma suna kiran Ingila gida alhali ba su taɓa taka ta ba. A 1947 jirgin sama yana ɗaukar kwana huɗu daga Sidni zuwa Landan. Tun 2018 ana tashi daga birnin Perth a sauka Landan cikin kusan awa 17 ba tare da yada zango ba. Horne ya ce wa mutanensa su dubi taswira: maƙwabtansu su ne Indunusiya da Japan da Sin da Indiya, can ne kuma makomarsu take. A nan lokaci ya gaskata shi sarai, domin kafin shekarun 1960 su ƙare Japan ta karɓe matsayin Ingila na babbar mai sayen kayansu, Ingila kuma ta juya ta shiga kasuwar Turai a 1973. Daga baya ya yi rubutu a kan yawon buɗe ido, inda ya nuna cewa yawancin matafiya suna zuwa ne su tabbatar da abin da littafin jagora ya riga ya gaya musu, su ɗauki hoto su dawo, ba tare da sun tambayi wanda ya zaɓi abin da aka ajiye a gidan tarihi da abin da aka bari a waje ba. Muna cewa tafiya mabuɗin ilimi, amma na sha ganin wanda ya je ya dawo da mabuɗin a aljihu.

A kan fasaha ne hukuncinsa ya fi tsanani, a nan ne kuma na fi samun wahalar yanke nawa. Ya zargi masu masana'antun ƙasarsa da zaman jiran kamfanonin waje su kawo musu zane da injin, su kuwa su harhaɗa a bayan katangar harajin kwastan. Tarihin mota ya ba shi gaskiya. An fitar da motar Holden ta farko a 1948 ana ta murna, amma kamfanin mallakar General Motors ne na Amurka, kuma da tallafin gwamnati ya janye, Ford ya rufe a 2016, Toyota da Holden suka bi baya a 2017, ƙera mota ya ƙare a ƙasar. Labarin David Warren ma haka yake. Shi ne masanin da ya ƙera samfurin akwatin naɗar bayanan jirgin sama a shekarun 1950, hukumomin ƙasarsa suka yi masa riƙon sakainar kashi, sai da Ingila ta nuna sha'awa aka san yana da daraja.

Duk da haka, ba daidai ba ne a ce ƙasar ba ta ƙirƙira. A 1978 Graeme Clark ya dasa wa wani kurma na'urar ji a cikin kunne a Melbon, abin da ya buɗe wa dubban yara hanyar koyon magana. Masu binciken taurari na hukumar kimiyya ta ƙasar, CSIRO, su ne suka warware matsalar amsa-kuwwar siginar rediyo a cikin ɗaki, dabarar da ta zama ɗaya daga cikin ginshiƙan Wi-Fi, hukumar ta kuma karɓi ɗaruruwan miliyoyin daloli daga kamfanonin da suka yi amfani da ita. A 2005, shekarar da Horne ya rasu, Barry Marshall da Robin Warren suka karɓi kyautar Nobel saboda gano cewa ƙwayar cuta ce take haddasa yawancin gyambon ciki. Kai, ko naira ashirin ta leda da take aljihun ɗalibi tana da alaƙa da wannan zance, domin a Ostareliya aka fara fitar da irin wannan kuɗin leda a 1988, Nijeriya ta karɓe shi a 2007, ta ƙara da naira biyar da goma da hamsin a 2009. Idan aka lura, kusan duk waɗannan daga jami'o'i da asibitoci da cibiyoyin binciken gwamnati suka fito, wato daga wuraren da aka zuba kuɗin jama'a a kan ilimi aka yi haƙuri. Saboda haka zargin Horne ya faɗa a kan 'yan kasuwa da 'yan siyasa daidai, amma ya ƙetare malamai da masu bincike. Mai yiwuwa kuma zafin zargin nasa yana cikin abin da ya zaburar da su. Marubucin da gargaɗinsa ya yi aiki yakan zama kamar wanda ya yi ƙarya.

Wani abin da nake so malamin gobe ya ɗauka daga rayuwar wannan mutum shi ne yadda ya sauya ra'ayi a bainar jama'a ba tare da ya ɓoye tsohon ba. Ya rubuta tarihin rayuwarsa, ya nuna saurayin da yake a da, da girman kansa da kurakuransa. A wurinmu sau da yawa ana ɗaukar sauya ra'ayi a matsayin rauni, har ɗalibi yakan kafe a kan amsar da ya san ba daidai ba ce don kada a ce ya janye. Malamin da bai taɓa cewa "na yi kuskure jiya" a gaban ajinsa ba, da wuya ya koyar da rubutun ra'ayi, domin ra'ayi abu ne da ake ginawa a kan hujja, idan hujjar ta rushe a sake gini.

Na koma kan gatse. Idan za ku koyar da auna fahimta, kada ku ba yara take ko jimla ɗaya ku tambaye su ma'anarta. Ku ba su sakin layin gaba ɗaya, ku tambaye su wane ne yake magana, da wa yake yi, me ya faru kafin ya buɗe baki, wace kalma ce a cikin zancen take karo da sauran. A jimlar Horne, kalmar sa'a tana zaune ne kusa da siffanta shugabanni da gazawa, wannan karon shi ne fasasshen tulun da yake nuna cewa ba yabo ake yi ba. Da aka yanke rabin jimlar, sai shaidar ta tafi.

Abin yakan bi ta ɗaya hanyar ma, kirari ya koma gatse. Na taɓa rubuta "Nijeriya giwar Afirka" a kan allo, na ce wa ɗalibai kowa ya rubuta a takarda ko yabo ne ko gatse, ba tare da ya dubi na kusa da shi ba. Ajin ya rabu kusan biyu. Da na nemi hujja, wata ɗaliba ta ce ba za ta iya yanke hukunci ba sai na gaya mata ko akwai wutar lantarki a ɗakin da aka faɗi maganar. Ita na ba maki mafi yawa a ranar.